Begila Tara da Aka Toshe

Saura kaɗan Tela ta fasa rubuta takardar nan. Sau uku tana ɗaukar biro tana ajiyewa, sau ɗaya ma har ta jefa shi cikin gwangwanin allurai ta rufe. Ba wai ba ta san abin da za ta ce ba. Rubutun nata take jin kunya, don a aji huɗu na firamare ta tsaya, kuma har yau haruffanta kwanciya suke yi a kan layi kamar shanyar da iska ta kayar. Ga shi wanda za ta rubuta wa malami ne mai digiri. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, ta san takardar na iya raba ƙanwarta Auta da sandar shugabanci, sandar da kaf gidansu ba wanda ya taɓa riƙe abin da ya kai ta.

Tela ba malama ba ce a makarantar 'yan matan, ba kuma ɗaliba ba. Ita ce mai gyaran kayan fareti na ƙungiyar kiɗa. Ɗakinta yana bayan babban zaure, wani tsukukun sito mai taga ɗaya. Ganguna a jere a ƙasa, begila goma sha takwas a rataye jikin ƙusoshi, jajayen riguna arba'in a kan igiya suna warin zufa da man goge ƙarfe. A tsakiyar wannan duka keken ɗinkinta yake. 'Yan mata na kiranta Anti Tela. In suka shigo da maɓalli a hannu, takan karɓa kanta a sunkuye, ta ɗinka, ta miƙa, sau da yawa ba tare da ta ce uffan ba. Shekararta uku a wurin, amma akwai malaman da ba su san kalar muryarta ba.

Auta kuwa ita ta kwashe duk bakin gidan. Gajera ce, amma in ta daka tsawa daga wannan ƙarshen filin, masu shara a wancan ƙarshen sai sun ɗago. Ita ta fi kowa iya busa a makarantar. Ranar da 'yan ƙungiya suka ɗaga hannu suka zaɓe ta mai sanda, wato wadda ke gaba tana juya doguwar sanda mai kan azurfa kowa na bin umarninta, mahaifiyarsu ta zaga maƙwabta gida gida tana ba da labari. Tela ba ta zaga ko'ina ba. Zama ta yi ta ɗinka farar rigar shugaba da hannunta, da igiya mai ruwan zinare a kafaɗa. Ta kuma naɗe yadi yatsa huɗu ta ɓoye a cikin hannun rigar da gindinta.

"Wannan kuma na mene ne, Yaya?" Auta ta tambaya tana juyi gaban madubi.

"Za ki ƙara tsawo. Shekara biyu za ki sa ta."

"Ni? Tsawo? Yaya, ke kaɗai kika rage da wannan fatan a duniya."

Zaɓen nan sabon Malamin Kiɗa ne ya kawo shi. Malamin da ke wurin kafin shi tsoho ne mai zafin hannu, wanda in yarinya ta yi kuskure sai ya ƙwala mata sandar ganga a yatsu. Sabon ya zo da murmushi da jakar takardu. Makon farko ya manna babban kwali a bangon zaure da dokoki uku. Ba a cire kowa daga ƙungiya. Ba a ce wa kowa ta yi kuskure. Ɗalibai ne ke jagorancin kansu. Ƙarshen kowane atisaye kuma sai a zauna a da'ira, kowace ta faɗi kalma mai daɗi a kan ta kusa da ita. Da farko abin ya yi armashi, har wasu suka yi hawaye. Da aka yi wata guda, yabo ya ƙare. Tela na jiyo su ta taga.

"Ina yaba mata saboda... takalminta ya sha gugu."

"Ni kuma ina yaba mata saboda ba ta taka ni ba yau."

Yatsu sun huta, wannan gaskiya ne. Yaran da da suke tsoron ƙungiyar suka yi ta shigowa, har begila goma sha takwas duk suka samu masu riƙo. Sai dai tara daga cikin masu riƙon ba su taɓa sa ƙarfe a baki ba. In suka busa, tantabarun kan rufin zaure tashi suke yi. Malam kuwa bai cika tsayawa a fili ba. Yakan leƙo, ya tafa hannu, ya ce, "Madalla, 'yan mata!" ya koma ofis rubuta rahoton sabon tsarinsa. Amma yana da wata magana da yake yi wa Auta ita kaɗai a bakin ƙofar sito, yana mantawa da akwai mutum a bayan keken ɗinki.

"Gasar makarantu saura wata biyu. Kofin nan ina son sa. Ke ce shugaba, ki san yadda za ki yi."

Auta ta san yadda za ta yi, da farko. Ta ware taran nan lokacin hutun rabin rana, ta kai su ƙarƙashin bishiya tana koya musu. Kwana huɗu aka yi. A na biyar ta ce wa wata, "Ba haka ba ne, sake," har sau shida, yarinyar ta fashe da kuka, kuma daidai lokacin Malam ya zo wucewa. Bai yi faɗa ba. Ya dai kai Auta gaban kwalin nan ya sa ta karanta doka ta biyu da ƙarfi, ya ce ware mutane gefe guda ma wani nau'in cirewa ne. Daga ranar aka daina zuwa ƙarƙashin bishiya.

Bayan mako ɗaya Auta ta shigo sito ta zauna a kan babbar ganga, abin da ta hana kowa yi.

"Yaya, ɗinki nake so. Ɗan dunƙule kamar lemun tsami, na baƙin ƙyalle, ki cusa auduga sosai ya yi tauri. Ki sa masa ɗan zare na ja. Guda tara."

"Na me?"

"Na toshe bakin begila. Ƙura na shiga in an rataye."

Tela ta kalli bango. "Ai sha takwas ne."

"Sauran ba sa kama ƙura. Haba Yaya, yau kuma 'yar sanda kika zama?"

Ta ɗinka. Ta ma yi musu kyau, ɗinki biyu biyu don kada audugar ta fito, don duk abin da Auta ta roƙa haka take yi masa. Ta lura dai ba ta taɓa ganinsu a bakin begilar da ke rataye ba, sai ta ce wa kanta ƙila a aljihu yaran ke mantawa da su.

Cikin kwana kaɗan kiɗan ya gyaru. Tantabaru suka daina tashi. Malam ya kawo Shugabar Makaranta ta tsaya a inuwa tana gyaɗa kai, yana nuna mata da hannu biyu. "Kin gani, ranki ya daɗe? Ba duka, ba tsawa. Yarda kawai."

Wanda ya fi kowa murna shi ne Baba Mai Gadi. 'Yarsa tana aji ɗaya, tana cikin masu begila, 'yar siririya mai manyan idanu da kowa ke kira 'Yar Baba. Da tsufansa ya same ta. Duk ranar atisaye yakan jawo bencinsa daga bakin ƙofa zuwa jikin tagar Tela, inda ake hango fili, ya zauna da sandarsa a cinya.

"'Yar nan, kin ji? Kin ji wannan siririyar da ta hau sama? Tata ce."

"To, Baba."

"Ko cikin dubu zan gane ta. Uwarta ma haka muryarta take, siririya amma sai ta huda bango. Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba, yau ga 'yata tana busa wa manya."

Tela takan yi murmushi ta ci gaba da taka keke. Ita ma ta yarda.

Ranar wata Talata, ana saura kwana goma gasa, 'Yar Baba ta shigo sito bayan kowa ya watse. Ta tura ƙofar ta rufe, ta tsaya da begila a bayanta.

"Anti Tela, don Allah taimako. Zaren ya tsinke, abin ya shige ciki. Ki ciro min ki sa masa sabo kafin Anti Auta ta gani."

Tela ta karɓa ta leƙa. Can ciki ta hango baƙin dunƙulenta ya cushe. Ta lanƙwasa waya ta fara laluba.

"Garin yaya ya shige haka?"

"Garin busa. In na manta na busa da ƙarfi sai in ji kamar kunnena zai fashe, to jiya na tura shi da yatsa don ya zauna daidai."

Hannun Tela ya tsaya. "Da shi kike busa?"

Yarinyar ta dube ta kamar wadda aka tambaya ko ruwa na jiƙa mutum. "Duk mu tara. Ba ke kika ɗinka ba? Muna ɗagawa tare da kowa, muna kumbura kumatu, muna saukewa tare da kowa. Anti Auta ta ce kada mu damu, tafiyar ƙafarmu ta fi ta kowa kyau. 'Yan ganga suna ce mana bebaye, amma a ɓoye, don an hana tsokana."

"Tun yaushe?"

"Mako biyar."

Dunƙulen ya fito, jiƙe, yana wari. Tela ta riƙe shi a tafin hannu tana kallon ɗinkinta biyu biyu. Sai ta miƙa wa yarinyar begilar. "Busa in ji."

'Yar Baba ta waiga ƙofa, ta sa a baki. Abin da ya fito ya yi kama da kukan akuyar da aka taka wa wutsiya. Dariya ta kuɓuce wa Tela, yarinyar ma ta kama ciki tana dariya, har ta zauna a ƙasa. Daga nan dariyar ta juye. Ta rufe fuska da hannun riga.

"Da na fara iyawa, Anti. Wallahi ƙarƙashin bishiya na fara iyawa, sau biyu ta fito daidai. Yanzu ko yadda ake haɗa leɓe na manta." Ta share hanci. "Don girman Allah kada ki gaya wa Baba. Kullum in mun koma gida sai ya ce ya ji ni."

Tela ta sa wa dunƙulen sabon zare, don ba ta san me kuma za ta yi ba. Yarinyar ta yi godiya har da durƙusawa.

Da yamma a gida ta samu Auta a tsakar gida tana wanke farin safa. Mahaifiyarsu ta fita. Tela ta zo ta tsaya a kanta.

"Auta, ƙurar nan da kika ce."

Auta ba ta ɗago ba. "Wace ce mai bakin?"

"Ba wanda ya kawo ƙara. Ni na gani. Kin sa na ɗinka abin da ban sani ba."

"Da kin sani za ki ɗinka?"

"A'a."

"To shi ya sa." Ta matse safar ta jefa a bokiti. "Yaya, ki gaya min. An ce kada in cire su. An ce kada in gyara musu. An ce in kawo kofi. Ke da kike da dabara, haɗa min waɗannan ukun su zama riga ɗaya."

"Ki gaya wa Malam."

"Malam! Kina ganin Malam kurma ne? Mutum tara su iya busa cikin kwana uku, shi da ya yi karatun abin, ya ce yarda ce?"

"'Yar Baba kuka take."

"Da aka yi kuka a ƙarƙashin bishiya, ni aka kai gaban kwali. Yanzu ba mai kuka a fili. Kowa na da riga, kowa na da layi, ubanta na jin daɗi. Bayan gasa zan cire musu, in koya musu a ɓoye. Kwana goma kawai, Yaya."

"In an ci kofi da toshe, ba mai barin ki cire."

Auta ta miƙe, kumfa na ɗiga daga hannunta. "Wai ke me kika sani a kan makaranta? Aji huɗu fa kika tsaya. Ki tsaya a maɓallinki, ki bar mana abin da ya fi ƙarfinki."

Tela ce ta bar aji huɗu ta zauna gaban keke lokacin da mahaifinsu ya kwanta ciwo, don ƙaramar ta ci gaba, kuma su biyun sun san haka. Auta ta ɗauki bokiti ta yi bayan ɗaki, ta daɗe tana shanya safa biyu.

Washegari Baba Mai Gadi ya jawo bencinsa kamar kullum. Aka fara busa. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa. "Ga ta nan. Kin ji?"

Wannan karon Tela ba ta iya cewa "To, Baba" ba. Ta hango 'Yar Baba a layi na biyu, kumatu a kumbure, jijiyar wuya a miƙe, tana zuba duk numfashinta cikin ƙyalle. A nan ne ta ɗauki biro, ta ajiye, ta ɗauka, ta ajiye. A ƙarshe ta yage takarda daga littafinta ta rubuta a hankali, harshenta a tsakanin haƙora.

"Malam ina gaisuwa. Begila tara an toshe su da ƙyalle yaran ba sa busa. Ba laifin Auta ba ne. An hana ta gyara musu kuma an ce ta kawo kofi. Don Allah a bar ta ta riƙa cewa ba haka ba ne. A ba yaran lokaci su koya ko da ba a ci gasa ba. Kada a gaya wa Baba Mai Gadi."

Ba ta sa suna ba. Ta tura ta ƙarƙashin ƙofar ofis ta dawo da sauri. Sai da ta zauna ta ga littafin a buɗe, ta tuna abin da ke bayan takardar da ta yaga. Awon kafaɗa da ƙirji da hannu na 'yan ganga shida, da rubutunta.

Washegari kafin azahar aka aiko kiranta.

Ba ta taɓa shiga ofishin ba. Akwai fanka, da hoton ƙungiyar a bango kowa na dariya. Malam ya nuna mata kujera, ta ƙi zama. Yana juya takardar, gaba, baya, gaba.

"Anti Tela. Ashe kina magana." Ya yi murmushi. Ya sake duba layin farko. "Tara? Ni na ɗauka shida ne."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ita ma ta ji. Ta kafa ido a kan takalminsa.

Ya gyara murya. "Ina nufin, na fara zargin wani abu. Kin kyauta ƙwarai. Amma kin ga, abin da aka rubuta ya riga ya fito fili. Yau ke ce, gobe wata za ta rubuta wa Shugabar Makaranta. Dole a ɗauki mataki."

"Malam," muryarta da ƙyar ta fito, "na ƙasan. Ka karanta na ƙasan."

"Na karanta duka, kada ki damu. Ki zo da'ira yau."

Da yamma 'yan mata arba'in suka zauna a da'ira a kan ciyawa. Malam ya sa aka kawo wa Tela kujera a tsakiya, inda kowa ke kallonta, ta zauna a bakin kujerar tana murɗa gefen mayafi. Ya ɗaga takardar sama, har awon 'yan ganga na kallon jama'a. Ya karanta gaisuwa. Ya karanta maganar begila tara. Sai ya ninke ta ya sa a aljihu.

"A wannan ƙungiya ba ma cewa wani ya yi kuskure," in ji shi a hankali, "kuma yau ma ba za mu ce ba. Za mu ce dai shugabarmu ta gaji, nauyi ya yi mata yawa, tana bukatar hutu. Mu yaba mata."

Aka tafa, tafi mai sanyi. Auta ta miƙe da kanta ba tare da an ce ta miƙe ba. Ta ɗauki sandar da hannu biyu ta kai masa. Fuskarta ba ta motsa ba. Ya miƙa wa Doguwa, mai babbar ganga, wadda ta karɓa tana kallon ƙasa kamar an ba ta maciji.

"Sannan mu yaba wa Anti Tela. Ta nuna mana gaskiya ta fi 'yan'uwantaka. Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba ta rufa mata ba. Wannan shi ne jagoranci. A tafa mata!"

Tela ta buɗe baki. Maganar tana nan, gajera ce, layi huɗu ne kawai ya tsallake. Ido tamanin na kanta. Ta mayar da bakin ta rufe. Ta ji tafin na sauka a kanta, ta sunkuyar da kai, kuma ta san duk wanda ya gani zai ce kunyar yabo take ji.

Malam ya zagaya da gwangwani aka zuba dunƙule tara. 'Yar Baba ta jefa nata tana murmushi, ta riƙe begilarta da kyau, ta lashi leɓe.

"Ku kuma taran nan," in ji Malam, "ba wanda zai cire ku. Girma ma za a ƙara muku. Daga yau ku ne masu riƙe tutoci, a gaban kowa. Ku mayar da begila sito."

Tela ce ta rataye su, ɗaya bayan ɗaya, a ƙusoshinsu.

Tana cikin haka Auta ta shigo, ta tuɓe farar rigar, ta ajiye a kan keken ɗinki.

"Tela, an ce ki buɗa ta. Doguwa za ta sa."

Tun da Auta ta fara magana a duniya, ba ta taɓa kiranta da wani abu ba sai Yaya.

"Auta, na rubuta ba laifinki ba ne. Wallahi na rubuta. Bai karanta ba."

"Na yarda." Ta tsaya a bakin ƙofa, bayanta a juye. "Kin ɗauka in kika rubuta wa mai digiri gaskiya, gaskiyar zai karanta. Kwana goma na roƙe ki." Ta fita.

A fili Doguwa ta ɗaga sanda a karkace aka sake gwadawa sau ɗaya kafin a tashi. Begila tara suka busa, taran da dama su kaɗai ke busawa tun mako biyar. Kiɗan bai canza da ko ƙwayar zarra ba. Baba Mai Gadi ya leƙo ta taga, fuskarsa a yamutse.

"'Yar nan, an ce an ƙara wa 'yata girma, tuta za ta riƙe. To, mun gode. Amma ke ba ki ji ba? Kiɗan ya yi rami. Siririyar nan babu ita. Ni dai da sun bar min ita."

"Haka ne, Baba," in ji Tela.

A gida mahaifiyarsu ta ji labari tun kafin su iso. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Ke da ba kya magana, ranar da kika tashi yi, a kan ƙanwarki kika fara." Auta ta ɗauke tabarmarta daga ɗakin da suke kwana tun suna yara ta koma ɗakin uwar.

Washegari Tela ta riga kowa zuwa makaranta, ban da Baba Mai Gadi da 'yarsa, wadda kullum ke zaune a bencin bakin ƙofa tana jiran ƙararrawa. Ta gaishe shi, ta yafito yarinyar da hannu. A sito ta sauko da begila daga ƙusa ta uku ta miƙa mata.

"An hana, Anti."

"Makullin ɗakin nan a hannuna yake. Busa."

Ta zauna gaban keke, ta shimfiɗa farar rigar a cinya, ta sa reza a ɗinkin hannun. Yadin da ta ɓoye don tsawon Auta ya fara warwarewa, sabo fil, ya fi sauran rigar haske. Yatsa huɗu. Daidai hannun Doguwa.

Akuyar cikin begila ta yi kuka. Ta sake yi. Tantabaru suka tashi daga rufin zaure. A karo na biyar inuwa ta tare hasken taga. Auta ce, da jakar littattafai a kafaɗa, da rigar makaranta irin ta kowa. Ta daɗe a tsaye.

"Ba haka ba ne," ta ce. "Kina kumbura kumatu. Matse gefen baki, ki tura daga ciki. Sake."

Yarinyar ta sake. Abin ya fito a karkace, amma ya fi.

"Ba haka ba ne. Gobe ki zo da wuri."

Tela ta ɗago kai, bakinta ya fara haɗa sunan. Auta ba ta dubi inda keken yake ba. Ta gyara jakarta ta wuce aji.

Tela ta bi tagar da kallo har hasken ya dawo. Sannan ta juya rigar, ta nemo bakin zaren ɗaya hannun, ta sa reza.